Ruwan Da Wuƙar Masu Fiɗa Ta Ɓoye

Kimanin shekara 1,000 da suka wuce, a Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, Abul Ƙasim al-Zahrawi ya ga wani yaro wanda kansa ke ƙara girma kullum garin Allah ya waye, har ta kai ba ya iya zama saboda nauyin kai. Al-Zahrawi ba kanwar lasa ba ne a fagen fiɗa, littafinsa At-Tasrif sai da Turawa suka yi ƙarnoni suna karatu da shi. Amma a nan ya ja birki. Ya bayyana yadda za a tsaga kai a zubar da ruwan da ya taru a ciki, sannan ya faɗi gaskiya cewa duk yaran da ya gani da wannan ciwo ba su jima ba suka rasu, don haka shi ya gwammace kada ya kai musu wuƙa. Wani kason laifin ya ɗora shi a kan ungozoma, wai ita ce ke matse kan jariri wajen karɓar haihuwa. Akwai kumburin fatar kai da wahalar haihuwa ke jawowa, ba musu, amma wannan kan da ke ta cika kamar tulu, baiwar Allah ba ita ta cika shi ba.

To daga ina ruwan yake fitowa? Abin da ya sa tambayar ta gagari magabata shi ne, a saninsu, kan mai lafiya ba shi da ruwa. Jalinus, babban likitan zamanin Rumawa a ƙarni na 2, ya san cewa akwai wasu ɗakuna a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai dai ya koyar da cewa iskar ruhi ce a cikinsu, ɗan danshin da ke ciki kuma datti ne da ke tsiyayowa ta hanci ya zama majina. Dabbobi yake feɗewa, ba mutane ba, amma maganarsa ta zama yankan wuƙa fiye da shekara 1,300. Duk wanda ya ga ruwa a kai, sai ya ce cuta ce ta kawo shi, kuma a wajen ƙwaƙwalwa yake taruwa, ƙarƙashin fata ko ƙarƙashin ƙoƙon kai.

Andreas Vesalius ne ya fara rusa wannan. A 1551, a birnin Augsburg na Jamus, ya buɗe kan wata yarinya 'yar shekara 2 da ta rasu da ƙaton kai, ya tarar da ruwa har fam 9, kuma ba a waje ba, a can cikin ɗakunan da aka ce na iska ne. Ruwan ya tura ƙwaƙwalwar jikin ƙashi har ta zama siririya. An gano mazauninsa ke nan, saura asalinsa.

Wanda ya fi burge ni a duk wannan labari wani matashin likita ne a Napoli ta Italiya, Domenico Cotugno. A 1764, yana da shekara 28, ya fitar da ɗan littafi a kan ciwon nan da ke tsargawa daga ƙugu zuwa ƙafa, kuma a cikinsa ne ya kwance ƙullin. Bai ƙirƙiro wata na'ura ba. Lura kawai ya yi da yadda ake aiki a ɗakin gawa: al'adar masu fiɗa ita ce su fara guntule kan daga wuya, sannan su kai shi tebur su buɗe. Kafin su buɗe, ruwan ya riga ya tsiyaye a ƙasa ya gauraye da jini, sai su leƙa su ga wayam, su rubuta cewa malam Jalinus ya yi gaskiya. Kamar mutum ne ya kife kwarya sannan ya rantse cewa bai taɓa ganin nono a cikinta ba. Cotugno ya bar kan a jikinsa, ya ɗaga gawarwaki wajen 20 a tsaye, ya buɗe a hankali. Ga ruwa nan garau, ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka tun daga ƙeya har ƙugu, a jikin mutanen da ba su taɓa ciwon kumburin kai ba. Ashe kowa na yawo da shi.

Duk da haka sai aka yi biris da binciken Cotugno, har François Magendie ya sake tabbatar da batun a Faransa a 1825, wannan karon a jikin dabbobi masu rai. A 1891 kuma Heinrich Quincke, a Kiel, ya soka allura a gadon baya ya ɗebo ruwan ya auna ƙarfin matsinsa. Ita ce ɗibar ruwan bayan nan da iyaye ke fargaba idan likita yana zargin sanƙarau.

Lissafin da aka samu daga baya shi ya fayyace girman haɗarin. Babban mutum na ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa, amma a kowace rana jikinsa na samar da kusan 500, wato ledar fiya-wata guda. Ke nan ba tafki ba ne, rafi ne mai gudu, ana sabunta shi sau 3 ko 4 a yini. Wasu 'yan tsokoki masu kama da geza a cikin ɗakunan ne ke tace mafi yawansa daga jini, ya bi ta wata siririyar kafa da ba ta fi tsinken tsintsiya kauri ba, ya fito ya wanke ƙwaƙwalwa da laka, sannan jini ya sake shanye shi.

Walter Dandy da Kenneth Blackfan, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, suka gwada abin a aikace a 1913. Sun cusa ɗan ƙullin auduga a wannan kafa a kan karnuka, sai ɗakunan da ke bayan toshiyar suka kumbura. A karon farko an haddasa ciwon da gangan, an kuma nuna cewa iri biyu ne: ko dai hanya ta toshe, ko kuma hanya a buɗe take amma wurin da jini ke shanye ruwan ya lalace. Duk wanda ya ga yadda unguwa ke cika idan leda ta toshe kwata a watan Agusta ya fahimci na farkon. Jariri, da yake ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, sai kan ya buɗe, madiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Babba ba shi da wannan sarari, shi ya sa nasa ke zuwa da matsanancin ciwon kai, amai da dushewar gani.

Magani ya ƙara jiran shekara 40 da 'yan kai. John Holter, wani makanike a yankin Philadelphia wanda aka haifa wa ɗa da ciwon a 1955, shi ya ƙera ɗan murfin roba mai barin ruwa ya wuce gaba ba ya dawowa, likita Eugene Spitz ya fara dasa shi a 1956. Jikokin bututu mai wannan murfi ne ake sakawa yau, daga kai zuwa ciki. Aibinsa shi ne yakan toshe, kuma idan ya toshe a ƙauyen da ke nesa da likitan ƙwaƙwalwa, sai dai addu'a.

Wannan ne ya dami likita Benjamin Warf lokacin da ya fara aiki a Mbale ta Uganda a 2000. Ya gano cewa fiye da rabin jariran da ake kawo masa ba da ciwon aka haife su ba, zazzaɓin ƙwayoyin cuta ne a makonnin farko na rayuwa ya bar tabo ya toshe hanya, irin tabon da sanƙarau ma kan bari. Sai ya haɗa dabaru biyu da na'urar leƙe: ya huda sabuwar ƙofa a ƙasan ɗaya daga cikin ɗakunan don ruwa ya kauce wa toshiyar, ya kuma ƙona wani sashe na gezar da ke samar da shi. Jarirai da yawa sun koma gida a bayan iyayensu ba tare da bututu a jiki ba.