Daga Faifan IBM Zuwa Akwatin NAS: Dalilin da Muka Nace Sai Mai Gurbi Huɗu

Tun da aka kawo shawarar ƙungiya ta sayi akwatin NAS don adana rajistar mambobi, rasitai da hotunan taruka, ake ta tambayarmu me ya hana mu ɗauki mai gurbi biyu tunda ya fi araha. Bari mu ɗan waiwayi tarihi.

A 1956 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko a na'urarsa ta RAMAC. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, amma duk abin da suke ɗauka haruffa miliyan 5 ne, wato hoton biki ɗaya ko biyu na wayar yau. A 1988 masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana tsarin RAID: a haɗa faya-fayai da dama su yi aiki tare, in ɗaya ya mutu sauran su riƙe ajiyar. Daga baya kamfanoni irin su Synology da aka kafa a 2000, da QNAP a 2004, duka a Taiwan, suka kawo wannan dabara gidaje da ƙananan ofisoshi.

To ga inda gizo ke saƙar. Ana ƙera akwatin ne da gurabensa, ba a ƙara masa wani daga baya, sai dai a sayi akwatin ƙari in samfurin yana karɓa. Mai gurbi biyu, in aka sa faifai biyu masu terabait 4 kowanne yana kwafin ɗan'uwansa, terabait 4 kawai muke da shi. Ranar da ya cika, sai mun sauya duka biyun. Mai gurbi huɗu kuwa, a tsarin RAID 5, faifai huɗu irin waɗannan suna ba mu terabait 12, kuma mutuwar guda ba za ta ci ajiyarmu ba.

Amma akwati kowane iri ne, ruwa bai san shi ba. Mutanen Nukkai ba a ba su labarin ambaliyar Agustan 2005 da ta karya gada. Don haka muna roƙon taro ya amince da abu biyu: akwati mai gurbi huɗu, da kwafi na dabam da za a ajiye a gidan da ke kan tudu.

Allah Ya tsare mana amanar jama'a.