Gona Kafin Bariki: Sake Duban Tarihin Al'ummar Zuru

Akwai wata fahimta da ta yi kaka-gida a rubuce-rubucen da ake yi kan Zuru, cewa aikin soja ne ya gina garin. Wai tun da Turawan mulkin mallaka suka fara ɗibar Dakarkari cikin rundunarsu, kaki ya zama ginshiƙin al'ummar. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da Janar Ishaya Bamaiyi, shugaban sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami. A ganina, reshe suka kama suka bar tushe.

Zaman Lelna, wato Dakarkari, a kan duwatsu da hare-haren Kwantagora sanannu ne ga manazarta, kuma P. G. Harris ya rubuta kan al'adunsu tun 1938. Inda ya kamata a tsaya shi ne golmo: saurayi ya shiga cikin tsararrakinsa, su yi ta nome gonar surukai har kimanin shekara 7 kafin a ba shi mata. Bikin Uhola kuwa, da ake yi bayan kaka, shi ne lokacin godiya da yaye waɗanda suka kammala. Ke nan a gona aka fara auna namiji a ƙasar Zuru, kuma da alama juriyar da Bature ya yaba a bariki, a bakin garma aka ƙera ta.

Suka mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi nawa ita ce wadda ke cewa albashi da fansho ne suka rufa gidaje da kwano, suka biya kuɗin makaranta, sannan Musulunci da Kiristanci da boko sun rage wa golmo ƙarfi, har sadaki ya maye gurbinsa a gidaje da dama. Duk gaskiya ne, ba na ja. Sai dai wannan bayani ne kan abin da ya sauya fuskar gari. Bai gaya mana abin da ya haɗa Dabai da Danko da Wasagu da Fakai da Sakaba a masarauta guda ba, haka ma bai faɗi dalilin da ke mayar da tsohon soja gonarsa ta dawa bayan ritaya ba.

Saboda haka zan taƙaita da'awata: ban ce noma kaɗai ya gina Zuru ba, na ce shi ne ya riga. Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a garin a 2020 ita ta fi cancanta ta tattara tarihin golmo daga bakin dattawan da suka yi shi, tun suna raye.