Daga Suwez Zuwa Babul Mandab: Tarihin Kokawa a Kan Ƙofofin Bahar Maliya

Bahar Maliya, tekun nan da ya raba Afirka da ƙasar Larabawa, ƙofa biyu gare shi. Ta arewa ɗan Adam ne ya haƙa ta da hannunsa, ita ce mashigin Suwez a ƙasar Masar. Ta kudu kuwa haka Allah ya halicce ta, tsakanin Yaman da Jibuti, faɗinta kimanin kilomita 30, ga kuma wani ɗan tsibiri, Mayyun, a tsakani yana ƙara matse ta. Sunanta Babul Mandab, wanda ya yi ɗan karatun Larabci ya san ma'anarsa: ƙofar kuka. In ana zaman lafiya, kusan kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya ta tsakanin ƙofofin nan biyu yake bi.

Tun ƙarshen 2023 sunayen nan suke ta yawo a rediyo, kuma da yawa daga cikin matasanmu a nan Sabo sun ɗauka rigimar ta faro ne da yaƙin Gaza. To, ta girmi haka da shekaru ɗari biyar. Mu da abincinmu yake kan hanya ba ma buƙatar dogon bayani a kan matsattsar hanya. Mun tuna lokacin da ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Mokwa da Jebba, yadda motocin shanu da na albasa suka yi cirko-cirko, aka koma zagaye, kuɗin mota ya tashi a kwana ɗaya. Gada guda ce, amma ta taɓa tukunyar kowa daga Sakkwato har Legas. Haka waɗannan ƙofofi suke ga duniya.

Turawan Fotugal ne suka fara kawo jiragen yaƙi daga Turai zuwa wannan teku. Sun zagayo ta ƙasan Afirka sun isa Indiya, sai suka ga muddin barkono da sauran kayan yaji na bi ta Jidda da Alƙahira, ribarsu ba za ta cika ba. A 1513 suka kai wa Adan hari, ba su ci ta ba. A 1517 jiragensu suka zo har bakin Jidda, tafiyar kwana biyu a ƙafa zuwa Makka, aka kore su. Ganuwar da Mamalikai sarakunan Masar suka gina wa Jidda 'yan shekaru kafin haka, don tsoron waɗannan mutane aka gina ta. A shekarar ce kuma Daular Usmaniyya ta karɓi Masar, tsaron tekun ya koma hannunta.

Abin ya sake sabon salo da jirgin ruwa mai amfani da gawayi ya fito, don shi sai ya tsaya a hanya ya ɗebi gawayi. Ingila ta kama Adan a 1839 saboda jiragenta masu zuwa Indiya, ta ƙara da tsibirin Mayyun a 1857. Faransa ta sayi Obok a 1862, abin da ya zama tushen Jibuti ke nan. Italiya ta shigo ta Asab, daga baya Masawa. Kowa ya kafa rumfarsa a bakin ƙofa, kowa kuma yana cewa tsaron hanya ya kawo shi.

Sai batun Suwez, kuma a nan muke so mai karatu ya natsu, don darasin kasuwa ne tsantsa. Wani Bafaranshe, Ferdinand de Lesseps, shi ya jagoranci aikin, aka fara a 1859 aka buɗe a watan Nuwamba 1869. Talakawan Masar ne suka yi mafi yawan haƙan farko, aikin tilas, da yawa sun mutu a ciki. Gwamnatin Masar tana da kashi 44 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin. Amma sarkin lokacin, Hidiwi Isma'il, mutum ne mai son gine-gine da kashe kuɗi, ya ci bashin bankunan Turai har ya kai masa iya wuya. A 1875 ya sa hannun jarin nan a kasuwa. Firaministan Ingila, Disraeli, bai ko jira majalisa ba, ya ranto fam miliyan 4 daga gidan Rothschild ya saye. Ingilar da ta yi ta kushe aikin tun farko, ta wayi gari ita ce mai kaso mafi girma, ba ta harba ko harsashi ɗaya ba. Bashin dai bai ƙare ba, masu bin bashi suka sa wakilansu a kan baitulmalin Masar. Da sojojin ƙasar suka yi bore ƙarƙashin Ahmad Urabi, Ingila ta yi wa Iskandariyya ruwan wuta a 1882, ta shigo wai na ɗan lokaci. Sojanta na ƙarshe bai bar bakin mashigin ba sai 1956. Duk wanda ya taɓa ganin an jinginar da shago ya san yadda irin wannan labari yake tafiya, mai shago yana nan zaune a ciki, amma makullin yana aljihun wani.

A wannan zamanin ne kakanninmu suke ratsa tekun ta tsakiya. Alhazan ƙafa su bi ta Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, suna noma suna ƙwadago a hanya, wani shekara uku wani bakwai, har su kai Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Sun guje wa Ingilishi a gida, sun tarar da shi a Sudan, don tun 1898 ya ci Omdurman. Ba da daɗewa ba ya gina sabuwar tashar jiragen ruwa, Bur Sudan, Sawakin ta fara mutuwa. Da wuya a sami zuri'a a unguwar nan da ba ta da wani kaka ko baba da ya tafi ta wannan hanya bai dawo ba.

Yanzu 1956. Jamal Abdunnasir yana son gina babbar madatsar ruwa a Aswan, Amurka da Ingila suka yi alkawarin kuɗi. Da ya sayi makamai daga ɓangaren 'yan gurguzu, ya kuma amince da gwamnatin Sin, sai Amurka ta janye alkawarin ran 19 ga Yuli. Bayan mako guda, ran 26 ga wata, ya tsaya gaban taro a Iskandariyya ya ce kamfanin Suwez ya zama mallakar Masar, kuɗin shigarsa ne zai gina madatsar. Ingila da Faransa da Isra'ila suka haɗu a asirce a wani gari kusa da Faris suka ƙulla: Isra'ila ta fara kai hari, su kuma su shigo da sunan rabon faɗa. Haka aka yi. Isra'ila ta shiga Sina'i ran 29 ga Oktoba, ran 5 ga Nuwamba sojojin laima na Ingila da Faransa suka sauka a Bur Sa'id. Masar ta nutsar da jirage da dama a cikin mashigin, hanyar da aka zo tsarewa ta toshe gaba ɗaya.

A fagen daga sun fi ƙarfin Masar, wannan ba gardama. Abin da ya karya su daga baya ya zo. Tarayyar Sobiyet ta yi barazana da makamai masu linzami, alhali a makon nan ita ma tankokinta suna murƙushe mutanen Hungari. Amma wanda ya riƙe wuyan Ingila da gaske abokinta ne. Shugaban Amurka Eisenhower ya fusata da ba a shawarce shi ba, ga fam ɗin Ingila yana faɗuwa, ga man fetur ya yanke, sai Amurka ta tsaya a kan cewa ba rance daga Asusun Lamuni na Duniya sai an janye. Kwana biyu da saukar sojojin aka tsagaita wuta. Kafin ƙarshen shekara sun kwashe, a watan Janairu Firaminista Eden ya yi murabus. Kun ga ikon Allah: da bashi Ingila ta shiga Masar, da bashi aka fitar da ita. A ganinmu ranar ce duniya ta gane cewa manyan sun zama biyu, Amurka da Sobiyet. Gana ta sami 'yanci bayan wata huɗu, Nijeriya bayan shekara huɗu. Ba mu ce Suwez ce ta kawo wannan ba, an riga an ɗauko hanya, amma wanda aka yi wa haka a bainar jama'a ba ya sake yin barazana a saurare shi kamar da.

Yaƙin 1967 ya rufe mashigin shekara takwas cur, har Yuni 1975, jirage 15 suka maƙale a ciki ƙurar hamada ta rufe su. Duniya ta koyi zagaye ta ƙasan Afirka, aka ƙera manyan jiragen dakon mai don zagayen ya biya. A can ƙofar kudu kuwa wasan 'yar canji aka yi. Sobiyet tana da sansani a Barbara ta Somaliya, Amurka tana tare da Habasha. Da ƙasashen biyu suka gwabza a kan yankin Ogaden a 1977, Sobiyet ta koma bayan Habasha, Siyad Barre ya kori sojojinta, ba a jima ba Amurka ta gaji Barbara har da titin jirgin saman da Rashawa suka shimfiɗa. Mutanen da aka kashe a tsakani Somaliyawa ne da Habashawa, kuma har yau Somaliya ba ta miƙe ba.

Jibuti ta kalli duk wannan ta zaɓi sana'ar mai gidan haya. Ƙasa ce da mutanenta ba su fi miliyan ɗaya da kaɗan ba, ba noma ba ma'adinai, sai bakin ƙofa. Faransa ba ta taɓa kwashe sojojinta ba tun 'yancin 1977. Amurka ta shigo a 2002, a yarjejeniyar 2014 ta amince da biyan hayar dala miliyan 63 a shekara. Japan ta buɗe nata a 2011, Italiya ma tana nan. A 2017 Sin ta buɗe sansanin sojanta na farko a wajen ƙasarta, 'yan kilomita kaɗan daga na Amurka. Wasu na yaba wayon shugabannin Jibuti, kuma akwai wayo a ciki, don mai haya da yawa ba ya zama bawan ɗaya. Sai dai mafi yawan bashin da ake bin ƙasar daga waje na Sin ne, na layin dogo zuwa Addis Ababa da tashoshin ruwa. Wanda ya karanta labarin Hidiwi Isma'il dole gabansa ya ɗan faɗi.

To, duk da wannan taron soja, a watan Nuwamba 2023 'yan Huthi na Yaman suka sauka da jirgi mai saukar ungulu a kan wani jirgin dakon motoci, Galaxy Leader, suka tafi da shi, suka ce ba jirgin da yake da alaƙa da Isra'ila da zai wuce sai an daina yaƙin Gaza. Daga nan sai jirage marasa matuƙa da makamai masu linzami. Amurka da Ingila suka fara kai musu hari a Janairu 2024, hare-haren ba su tsaya ba. A watan Maris jirgin Rubymar ya nutse, aka kuma kashe ma'aikata uku a wani jirgin. Ma'aikatan nan 'yan ƙwadago ne daga ƙasashe irin su Filifin, ba su da hannu a rigimar kowa, kuma ba mu ga hujjar da ta halatta jininsu ba. Sojan ruwan Sin da yake zaune a Jibuti bai shiga faɗan ba.

Lissafin yaƙin ne sabon abu. Jirgi maras matuƙi na 'yan dubban daloli ake harbowa, a tare shi da makamin da ya kai dala miliyan biyu. Kuma ba sai an nutsar da jirage da yawa ba, da zarar kamfanonin inshora sun ɗaga kuɗi, masu jirage da kansu za su juya. Haka manyan kamfanonin kwantena suka koma zagaye, ƙarin kwana goma ko fiye. Wadda ta fi kowa jin jiki ita ce Masar, shugabanta Sisi ya ce ta yi asarar kusan dala biliyan 7 na kuɗin shigar Suwez a 2024 kaɗai. Su dai 'yan Huthi Isra'ila suka ce suna nufi.

Mu fa? A nan sai a yi adalci. Yawancin kayan da suke zuwa Apapa daga Sin dama ta ƙasan Afirka suke biyowa, ba ruwansu da Suwez. Amma jirage ƙidayayyu ne a duniya, in kowanne ya ƙara kwana goma a tafiya sai su yi ƙaranci, kuɗin dakon kwantena ya tashi ko'ina, har da tamu hanyar. Duk da haka, wanda ya ce maka Babul Mandab ce ta ninka kuɗin atamfa ko batir a kasuwar nan, ka tambaye shi nawa dala take a farkon 2023, nawa take yanzu. Faɗuwar naira ta fi ƙarfin wancan nesa ba kusa ba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne Sudan. Tun 15 ga Afrilu 2023 sojoji da dakarun RSF suke yaƙi, miliyoyi sun bar gidajensu, yaƙin ya ratsa Jazira da Sinnar inda dangin namu suke. Ɗalibanmu da aka kwaso, wasu ta iyakar Masar aka fito da su, wasu ta Bur Sudan. Kowane ɓangare yana da masu ba shi makami daga waje, kuma cikin abin da ake hange akwai zinariya da bakin tekun nan. Turkiyya ta karɓi aikin gyaran Sawakin tun 2017. Rasha kuwa a 2020 ta bayyana daftarin yarjejeniyar kafa sansanin sojan ruwa kusa da Bur Sudan, na shekara 25, jirage huɗu da mutum 300. Gwamnatoci sun canza a Sudan, yaƙi ya ɓarke, maganar ba ta mutu ba. A Fabrairu 2025 ministan harkokin wajen ƙasar ya je Mosko ya ce babu sauran cikas a kanta.