Buza: Abin Shan Zuma A Hanyar Fatake

Yaranmu da ke kallon silman Turawa sukan ga jarumawan tatsuniya, masu takubba da dogon gemu, suna kurɓar giyar zuma a cikin ƙahon sa. Sai su ɗauka abin na ƙasashen sanyi ne kaɗai. To, ba haka ba ne. Ƙasashenmu ma sun san shi, kuma ya kamata a faɗi tarihinsa yadda yake, ko da ba abin alfahari ba ne wajen Musulmi.

Zuma dai tsohuwar abinci ce a wannan yanki. A shekarar 2021 masu bincike suka bayyana cewa sun samu alamar kakin zuma a jikin fasassun tukwanen mutanen Nok, a tsakiyar Nijeriya, waɗanda suka kai shekara 3,500. Ko sun sha ta haka nan, ko sun jiƙa ta, tukunyar tana nan tana ba da shaida cewa sun san amfanin ƙudan zuma.

Bayani mafi cika da muke da shi ya fito ne daga Kulfo, wani gari na ƙasar Nufe a wancan zamani, inda ayarin fatakenmu ke yada zango a kan hanyar Kano zuwa Gwanja wajen sayen goro. Baturen Birtaniya Kilabatan, wanda ya rasu kusa da Sakkwato a 1827, ya sauka can a 1826. Mai masaukinsa wata mata ce mai dukiya, tana cinikin gishiri da kanwa, amma abin da ya fi fito da sunanta shi ne bammi da buza. Ya rubuta yadda ake yin buzar: dawa, da zuma, da barkono, da saiwar wata ciyawa da shanu ke ci, a zuba ruwa, a sa cikin manyan tukwane kusa da wuta marar ƙarfi har kwana 4 ko 5, sa'an nan a juye a wasu tukwanen. Ya ce tana da zafi, tana bugarwa ƙwarai, kuma Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba duk suna sha. Ku dubi shekarar da kyau: shekara 22 ke nan bayan fara jihadin Shehu Usmanu a 1804. Shehu ya riga ya zargi sarakunan Hausa da ci da shan abin da suka ga dama, halal ko haram, amma a garuruwan kan hanya, nesa da idon Sakkwato, tukunya ba ta daina tafasa ba.

Me ke mai da zuma giya? Dattawanmu masu ɗaura amya sun san zuma tsantsa tana shekara da shekaru ba ta lalace ba, domin ruwan cikinta kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Amma da an sirka ta da ruwa ninki uku ko huɗu, aka ajiye wuri mai ɗumi, sai ƙwayoyin yis da ke cikinta da cikin iska su farka, su cinye zaƙin, kumfa ta taso, ƙamshi ya juya. Aikin wutar nan ta Kulfo ke nan, ɗumama tukunya kawai. Barkono kuwa, da citta ko kanumfari ko kimba da wasu ke sawa, ba su ne ke bugarwa ba, ɗanɗano suke gyarawa. A Habasha har yau ana yin irinta, suna ce mata tej, suna sa wani itace mai ɗaci da ake kira gesho.

Ke nan tsakanin ruwan zuma da ake ba maras lafiya ko mai buɗa baki, da buzar Kulfo, kayan haɗin kusan ɗaya ne. Kwanaki ne suka raba su. Malamai sun san wannan tun da daɗewa: ya zo a hadisi cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har yammacin kwana na uku, bai wuce nan. A zafin bazarar Yamai kuwa, jiƙon zuma da aka manta a bayan randa ba ya jiran kwana uku. Mata masu haɗa wa yara zuma da tsamiya da citta su lura: in aka ga kumfa tana tashi da kanta, ko murfin buta ya yi tsaki da aka buɗe, abin ya sauya suna.

Buza ta ja baya a garuruwanmu, sunanta ma sai tsofaffi. Zumar dai tana nan. Mai zuwa wajen Tamu, kusa da gandun dajin W, zai iske mutanen Moli Hausa suna ɗaura amya a bisa itatuwa, kuma ana sayar da zuma cikin butoci a Yamai. Mai saye ya duba kaurinta, domin wadda aka sirka da ruwan sukari ita ce ke fara kumfa tun tana cikin buta.