Ƙaron Adar: Daga Kurtun Almajiri Zuwa Kwalbar Lemo

Idan aka tambayi mutumin Tawa arzikin ƙasarsa, zai ambaci albasar Galmi, da simintin Malbaza, da shanun Azawak. Da wuya ya tuna da ƙaro, wannan dunƙulen da yara ke ɓamɓarowa daga jikin ɗakwara suna tsotsa a kan hanyar kiwo. Alhali kuwa a cikin albarkatun dajin Adar babu wanda masana'antun duniya suka kasa samun madadinsa kamar shi.

Ƙaro ba ya da zaƙi, amma a wajen masana kimiyyar sinadarai ɗan gidan sukari ne. Dogayen sarƙoƙi ne masu rassa, waɗanda aka ƙulla da ƙananan nau'o'in sukari, tare da ɗan furotin kaɗan. Ɗaya daga cikin waɗannan nau'o'in ma, wato arabinos, daga sunan ƙaro a harsunan Turai ya samo nasa sunan, domin Turawa “ƙaron Larabawa” suke ce masa, saboda ta tashoshin jiragen ruwan Larabawa ya fara isa gare su. Itaciyar da ke ba da mafi kyawunsa ita ce ɗakwara, wadda littattafai ke kira Acacia senegal, sai ƴar'uwarta Acacia seyal mai ƙaro mai saurin marmashewa.

Amfaninsa ya fi saukin ganewa a makarantar allo. Almajiri yakan kankare baƙin tukunya ko ya niƙa gawayi, ya zuba ruwa. In ya tsaya nan, kafin a jima baƙin ya kwanta a gindin kurtu, ruwa ya taso sama, abin da aka rubuta kuma ya kakkaɓe da zarar ya bushe. Sai an jiƙa ƙaro an zuba sannan tawada ke zama tawada: yana lulluɓe kowane ɗan ƙwayar baƙi, ya hana su haɗuwa su nutse, ya kuma manna su a jikin allo ko takarda. Kuma da yake ruwa na narkar da shi, ana wanke allo cikin sauƙi, rubutun sha kuma ba ya cutar da ciki. Ƙasar da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna ya karantar, ƙasar da malaman Kel Aghlal na wajen Abalak suka tara littattafan hannu, ta daɗe da sanin wannan sirri. Mata da masu wankin hula su ma sun san shi, don da shi ake ƙandarar da tufafi su yi ƙyalli.

Aikin da yake yi a kurtu shi ne dai yake yi a kwalbar lemo. Ƙamshin lemo mai ne, mai kuwa ba ya haɗuwa da ruwa. Ɓangaren furotin na ƙaro yana manne wa ɗigon mai, rassan sukarin kuma su bazu cikin ruwa, ta haka ɗigon ke zama a rataye wata da watanni ba tare da ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba ba. A alewa yana hana sukari komawa tsakuwa-tsakuwa. A wajen masu haɗa magani yana riƙe garin ƙwaya kada ta farfashe, yana kuma shiga maganin tari na ruwa. Duk wanda ya ga lamba E414 a jikin kwali, to ƙaro ne.

Saboda wannan ne Turawa suka yi ta faɗa a kansa. A ƙarni na 18 masu buga zane a jikin atamfa a Ingila da Faransa ba su iya aiki sai da ƙaron kogin Sanagal, kuma yana cikin dalilan da suka sa Ingila ta ƙwace Sanluwi daga hannun Faransa a 1758. Adar ba ta shiga wannan ciniki ba. Tana nesa da teku, kuma ayarin da ke ratsa ta tsakanin Agadas da Sakkwato gishiri da dabino da tufafi da hatsi suka fi damunsa. Ƙaronta ya tsaya a matsayin kayan gida, ana auna shi a kasuwa kamar kuka ko kanwa.

Sai bayan samun mulkin kai ne ƙaron Nijar ya zama haja ta gwamnati. Kamfanin Copro-Niger, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye yana fitarwa, kuma a 1979 abin da ƙasar ta fitar ya kai tan 2,610. Sai dai gaskiyar magana ita ce mafi yawansa daga gabas ya fito, daga ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa, inda jama'a suka iya tsaga itace. A Adar makiyaya, Buzaye da Fulani, da mata da yara, suna tsintar abin da itaciya ta zubo da kanta ne kawai, inda iska ko dabba ko ƙwaro ya ji mata rauni. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai tsaga yakan jira ƙarshen damina, lokacin da ganye ya fara zuba, ya ɗaye siririn ɓawo daga reshe ba tare da ya taɓa naman itacen ba, ya dawo bayan kamar kwana arba'in ya kwashe, sannan ya riƙa zagayowa duk bayan mako biyu har zafi ya shigo. Ko da haka, abin da itaciya guda ke bayarwa a shekara bai cika wuce gram ɗari biyu zuwa uku ba. Mai tsintuwa kuwa ba ya samun ko kusa da wannan, kuma nasa yakan zo a gauraye da ƙasa da ɓawo da ƙaron wasu itatuwa, abin da ke karya masa daraja.

Daga nan fari ya shigo. Na 1973 zuwa 1974 ya kashe ɗakwara da yawa, na 1984 kuma, wanda mutanen karkara suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ya ƙarasa abin da ya rage a wurare da dama. Makiyayin da dabbobinsa ke mutuwa ba za a zarge shi ba don ya sassare reshe ya ba su. A cikin shekarun nan ne kuma aka janye wa Copro-Niger ikon da yake da shi na saye shi kaɗai, daga baya ya durƙushe. Ɗan abin da ake tarawa sai ya koma bin hanyar Birnin Ƙonni da sauran kasuwannin iyaka zuwa Najeriya, inda ake tsince shi a fitar da shi da sunan wata ƙasa.

A Adar, farfaɗowar itatuwa ta biyo ta wata hanya dabam. Aikin raya karkara na Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, bai zo don ƙaro ba, ya zo ne don tsayar da zaizayar ƙasa. Mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda suka haƙa ramukan tare ruwa a jikin duwatsu da fako, ana biyansu da abinci, aka dasa miliyoyin itatuwa, da yawansu dangin ƙaya ne. Wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita a yau zai ga tuddan da a da suke tsirara sun yi duhu. A 2003 gwamnati ta fitar da tsarin farfaɗo da ƙaro, inda ta raba ƙasar gida uku. Yanki na tsakiya ya haɗa arewacin Maradi da Cintabaraden, Abalak, Tawa, Keita, Buza da Madawa. Bayan haka aka yi dashen ɗakwara a garuruwa da dama da tallafin Bankin Duniya, sannan shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya ratso ta jihar. Dashe dai an yi shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne koyar da tsaga, da tsincewa, da mai saye tabbatacce wanda zai zo kowace shekara da farashin da aka sani.

A kasuwar duniya kuwa Sudan ce uwa. Tsakanin 2014 da 2016 kusan kashi biyu cikin uku na ɗanyen ƙaron da aka fitar daga can ya fito, Cadi da Najeriya na biye. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta bar wa ƙaro ƙofa, domin kamfanonin lemo da na magani ba su da abin da za su sa a madadinsa. Ribar gaske kuma a Faransa take tsayawa, inda kamfanoni irin su Nexira ke narkar da shi, su tace, su mayar da shi gari su sayar wa duniya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya shafi Kurdufan da Darfur, cibiyar wannan haja, masu saye kuma suka shiga neman wasu wurare. Ɗakwarar da aka dasa tana bukatar shekara huɗu zuwa biyar kafin a fara tsaga ta. Wadda aka dasa a Adar a shekarun 2000 ta daɗe da isa.