Kifi Nawa Ruwa Zai Ɗauka? Daga Kududdufin Ƙauye Zuwa Akwatin Gilashi

A shekarar 1965 ne masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa suka wallafa nazarinsu a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura, kuma ƙasa ɗaya ake nomawa kowace damina. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne manomi ya san amsar tambayoyi biyu: shuka nawa ƙasarsa za ta ɗauka gwargwadon takin da ya zuba mata, kuma wace shuka ce za ta zauna da wace. Gero da dawa da wake sukan haɗu a gona guda domin kowannensu da lokacinsa da tsayinsa. Tambayoyin nan biyu su ne ke jiran duk wanda ya sayi akwatin gilashi na kifin ado a Bichi ko Ɗambatta a yau, sai dai a cikin ruwa mutanen yankin ba su daɗe da fara koyon amsarsu ba.

Arewacin Kano da can ba ƙasar kifi ba ce. Rafukanta na yashi ne, suna gudu da damina su ƙafe da rani. Ruwan da ke daɗewa shi ne na kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, ruwa mai zafi da laka. Kifayen da suka fi jure irin wannan zama su ne tarwaɗa da gaiwa, kuma dalilinsu ɗaya ne: dukansu suna iya shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa. Tarwaɗa na da wata gaɓa mai rassa a bayan kanta da ke yi mata aikin huhu, gaiwa kuwa huhu gare ta sosai, har takan binne kanta a laka ta yi watanni tana jiran ruwan sama. Wanda ya tashi yana ganin tarwaɗa ta kwana a bokiti da ranta zai ɗauka kifi halitta ce mai taurin rai, kowane ruwa ya ishe ta. Wannan zato ya kashe kifayen ado masu yawa, domin galibinsu ba su da irin wannan baiwa.

Ruwa mai zama shekara ya zo ne da madatsu. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka duƙufa gina su, kuma farin farkon shekarun 1970 ya ƙara wa aikin gaggawa. An kammala Tiga a 1974. A arewa da birni aka samu madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta, da Watari a Bagwai, da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir. Masunta suka sauka a bakinsu, karfasa ta cika kasuwannin ƙauye, aka kuma kafa wurin ƙyanƙyasar kifi a Bagauda. Jakara ta koyar da darasin da sauran ba su koyar ba. Ita ce ke karɓar ƙazantar birni da ruwan masana'antun Bompai, don haka ta nuna cewa faɗin ruwa kaɗai ba ya tabbatar da lafiyar kifi. Abin dubawa shi ne yawan dattin da ke shiga da kuma ƙarfin ruwan na narkar da shi.

Batun wane kifi zai zauna da wane kuwa, masu kiwo ne suka koye shi da asarar kuɗinsu, musamman daga shekarun 2000 da kiwon tarwaɗa a tankunan siminti da na roba ya shiga gidaje. Wanda ya zuba 'ya'yan tarwaɗa bai riƙa tace su gwargwadon girma ba, zai tarar cewa kaɗan sun yi saurin girma sun haɗiye ƙannensu, ya zuba da yawa ya kwashe kaɗan. Karfasa kuma matsalarta akasin haka ce. Uwar takan ɓoye ƙwanta da 'ya'yanta a baki, don haka kaɗan ne ke mutuwa. Cikin 'yan watanni tafki ya cika da ƙananan kifayen da ba sa girma saboda cunkoso. Wasu masu kiwo sukan saka 'yan tarwaɗa da gangan su rage yawansu. Ƙa'idar da ta fito daga nan gajeriya ce: duk kifin da zai shiga bakin wani, wata rana zai shiga.

Duniya ta ga wannan ƙa'ida a babban sikeli. A shekarun 1950 aka saki giwan ruwa, irin wanda ake alfahari da kamawa a Argungu, cikin Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma kimanin nau'i 200 na ƙananan kifayen da babu su a ko'ina sai can suka ɓace ko suka kusa ɓacewa.

Shi kansa akwatin gilashin baƙo ne daga Ingila, kuma tarihinsa ya fara ne da wannan tambaya ta ƙidaya. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya ba da rahoton gwajinsa: ya saka ƙananan kifayen gwal biyu kacal da tsiron ruwa a babban tulun gilashi, tsiron na samar da iskar oksijin, kifin na ba shi taki. Da ganyen ya fara ruɓewa ruwan ya gurɓace, sai ya ƙara dodon koɗi suka cinye ruɓaɓɓen. A 1853 aka buɗe gidan kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan. Wani abin sha'awa shi ne ɗan Warington, mai suna irin nasa, ya yi shekaru a cibiyar binciken noma ta Rothamsted yana nazarin yadda ƙwayoyin bakteriya ke juya amoniya a cikin ƙasa ta zama abincin shuka. Irin aikin da suke yi wa takin da jaki ya kai gona a Dawakin Tofa, shi suke yi a cikin tsakuwa da matatar akwatin kifi.

Nan ne iyakar ta gaskiya take. Kifi na fitar da amoniya, ita kuwa guba ce gare shi. Ƙwayoyin da ke sarrafa ta sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Mai cika akwatinsa a ranar farko ya zuba dabbobi a garken da babu mai share shi, kuma ruwan na iya kasancewa garau a ido alhali ya zama dafi. Littattafan Turawa sun daɗe suna yaɗa ma'aunin inci ɗaya na kifi ga kowane galan, wato kusan santimita 2.5 ga lita 4. Ma'aunin na iya aiki ga ƙananan kifaye sirara irin su gufi, amma kifin da ya ninka wani a tsayi yakan ninka shi kusan sau takwas a nauyi, dattinsa ma ya ƙaru sosai. Kifin gwal da ake saye kamar yatsa yakan wuce santimita 15, kuma ya fi son ruwa mai sanyi.

Ma'aunin bai kuma san bazarar Kano ba. Ruwa mai ma'aunin zafi 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita. A 30 yakan sauko zuwa 7.5, a daidai lokacin da zafi ke ƙara wa kifi buƙatar iskar, ya kuma ƙara wa amoniya dafi. Idan aka haɗa da ɗaukewar wutar lantarki da ke tsayar da famfon iska tsawon dare, adadin da littafi ya halatta a Landan ya yi yawa a Kunci cikin watan Afrilu. Mai hankali yakan ƙidaya kifinsa bisa daren da babu wuta.

Haɗin nau'i ma yana da abin lura bayan girman baki. Mazan kifin beta biyu ba sa zama wuri guda sai ɗaya ya illata ɗaya. Akwai kifayen garke da ke firgita idan ba su kai shida ba. Ƙurungu, wanda masu kifin ado a Turai ke saye da tsada, yana zama a ƙasan ruwa ya bar wa wasu sama, kamar wake a ƙarƙashin dawa. 'Yar tarwaɗar da yaro ya kamo daga bakin madatsar Tomas ya jefa cikin akwatin gufi kuwa, za ta yi kwanaki tana lafewa a kusurwa, tana fita da dare, har sai an wayi gari ita kaɗai ce a cikin gilashin.