Malam Bello Kagara: Malamin da Ya Koyar da Malamai

Idan aka ambaci Malam Bello Kagara a yau, littafin Ganɗoki ne ke fara faɗo wa yawancinmu a rai. Wasunmu sun karanta shi a makaranta, wasu kuma sun haddace sunansa ne kawai don jarrabawa. Amma lokacin da marigayin ya ɓata wajen rubuta wannan labari kaɗan ne, in aka gwada da shekarun da ya kwashe a gaban ɗalibai. Koyarwa ce sana'arsa ta asali, kuma mu mutanen ƙasar Katsina, har da mu na Safana da Batsari, muna cin moriyar aikinsa har gobe.

An haifi Muhammadu Bello a 1890 a Kagara, garin da ke cikin Jihar Neja ta yanzu. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka a gidan karatu ya buɗe ido, daga allo da tawada zuwa littattafan fiƙihu da Larabci. Yana ɗan shekara 11 Turawa suka ci Kontagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya bar garin, iyayen Bello na cikin waɗanda suka yi gudun hijira a wannan tarzoma. Ke nan da idonsa ya ga yadda mulki ya kuɓuce daga hannun sarakuna ya koma hannun baƙi.

Wanda ya ga irin wannan a ƙuruciya, ba abin mamaki ba ne in ya tsani duk abin da Bature ya zo da shi. Jama'a da dama haka suka yi, suka ɗauki makarantar boko tamkar tarkon raba yara da addininsu. Shi kuwa Bello, da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai ya shiga sahun ɗalibanta na farko-farko. Ya je ne da karatunsa na gida a ka, ya ƙara da na zamani. Bayan ya gama ya koyar a nan, daga baya aka mai da shi makarantar lardi ta Zariya.

Babban aikinsa ya zo ne da kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a hukumance a watan Maris na 1922, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An kafa ta ne don horar da malaman da za su riƙe makarantun Arewa, kuma an zaɓi Katsina saboda tsohon sunanta a fagen ilimi, garin hasumiyar Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Turawa ne ke shugabancin kwalejin, su ke koyar da Ingilishi da lissafi da labarin ƙasa. Larabci da addini kuwa, Malam Bello na cikin waɗanda aka damƙa wa.

Wannan matsayi ba ƙarami ba ne. Uban da ke Sakkwato ko Barno ko Bida, wanda aka ce ya ba da ɗansa a kai shi Katsina ya zauna shekaru a hannun Nasara, abin da zai fara tambaya shi ne wa zai kula da sallar yaron da karatunsa na addini. Kasancewar malami irin Bello, ɗan alƙali, masanin littattafai, shi ne amsar wannan tambaya. Su kansu ɗaliban, kullum suna ganin mutum guda da ya haɗa ilimin biyu, bai yar da rawaninsa ba.

Mu dubi waɗanda suka ratsa kwalejin a zamaninsa. Ahmadu Bello ya fito a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1933 ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Kashim Ibrahim ya koma Barno ya kama alli, Aliyu Makaman Bida ya shugabanci Midil ta Bida. Isa Kaita da Abubakar Imam, ƙanen Malam Bello, sun koyar a Midil ta Katsina. Kafin ƙasa ta san su a matsayin Firimiya da Firayim Minista da Gwamna da ministoci da editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, dukansu malaman makaranta ne.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar ƙagaggun labarai, malami da ɗalibansa suka haɗu a fage ɗaya: shi ya kawo Ganɗoki, Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Farkon Ganɗoki ya tsaya ne a kan yaƙe-yaƙen da suka kawo ƙarshen tsohon zamani, irin waɗanda suka tashi iyayen marubucin daga gida. Daga nan jarumin ya faɗa duniyar aljanu, kafin ya dawo ya tarar zamani ya canza. Ko a cikin littafi, malamin bai bar koyar da tarihi ba.

Bayan ya ajiye alli ya zama alƙali a Katsina, har ya kai ga sarautar Walin Katsina. Ya kuma rubuta tarihin Sarki Dikko. Allah ya yi masa rasuwa a 1971, shekarar da tsohuwar kwalejinsa, wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa. Gininta na ƙasa yana nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi.

Ina ruwan Safana da duk wannan? Isa Kaita ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa, kuma sunansa ke kan Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma, maƙwabciyarmu, inda malamai da yawa na makarantunmu suka yi karatu. Igiyar da ta taso daga ajin Malam Bello ta iso har Runka da Zakka da Ruma.

Igiyar nan kuwa yau tana neman tsinkewa. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka yi irin wannan a kwalejin kimiyya ta Kagara, mahaifar Malam Bello. A ƙauyukanmu na bakin dajin Rugu, makarantu da dama sun sha zama a rufe. A zamaninsa iyaye na tsoron abin da za a koya wa yaro a aji. Iyayen yau tsoronsu ko yaron zai dawo gida.

Abin da ya warware tsoron farko shi ne samun malamin da jama'a suka amince da shi. Tsaro aikin hukuma ne, amma ranar da aka sake buɗe makaranta, fuskar hedimasta uwa ke dubawa kafin ta saki hannun ɗanta. Muna da irin waɗannan malamai a garuruwanmu, wasu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Tarihin Malam Bello ya tsira ne don an rubuta shi. Ya rage namu mu zauna da dattawa, mu rubuta na malamanmu tun masu tunawa da su na raye.

Allah ya jiƙan Malam Bello Kagara, ya kai haske kabarinsa, ya dawo mana da zaman lafiya a makarantunmu.